Kwali Ko Son Aiki: Wanne Ne Gaba?



Shekaranjiya wani ɗan aji shida a layinmu na Dakata ya tare ni da tambaya: "Yaya, mene ne amfanin in ƙarar da shekara huɗu a jami'a, alhali ga masu digiri nan suna tuƙa Adaidaita Sahu?" Ya ce abokinsa da ke aiki a wurin niƙa roba har ya sayi babur.

Ban ƙaryata shi ba. Iyayenmu na ba mu labarin lokacin da Bompai da Sharada da Challawa ke cike da ma'aikata, kafin rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje mai arha su durƙusar da masaƙu da yawa. Yanzu kwali kaɗai ba ya kai mutum ofis. Sai dai na ba shi labarin abin da na gani da idona.

Bara na yi wata shida a wata masana'anta a Sharada, ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF ke kula da shi, wanda ake tura ɗalibai koyon aiki. A can na haɗu da wani dattijon makanike da ko sakandare bai gama ba. Da jin ƙarar inji zai gaya maka inda ciwon yake. Amma da aka kawo sabon inji mai aiki da kwamfuta, sai ya koma ɗan kallo. Ya ce da ni: "Ɗana, da na samu karatunku, da ba wanda zai sha gabana a nan."

A wurin kuma akwai wani mai digiri da kullum idonsa na kan agogo. Da bakinsa ya ce mini ya karanci fannin ne don a riƙa kiransa injiniya, amma ko warin man inji ba ya so. Wadda ta zame wa kowa madogara wata matashiya ce mai difloma. Ta iya karanta littafin injin, kuma ba ta ƙyamar zama kusa da dattijon nan tana tambayarsa. Ta haɗa biyun ke nan.

Saboda haka, kafin ka cike fom ɗin JAMB, tambayi kanka: wane aiki ne nake yi har in manta da yunwa? Idan gyaran waya ko lantarki ne, akwai fanninsa a Jami'ar Bayero, da ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. Idan aikin jima da ake yi a Challawa ke burge ki, akwai cibiyar nazarin kimiyyar fata a Samaru, Zariya. Kada a zaɓi likitanci ko lauya don sunan kawai.

A lokacin hutu kuma, a nemi izinin iyaye a je a koyi aikin hannu. Nan ne za ka gane ko son gaske kake yi, tun kafin a kashe maka kuɗin makaranta.

Ɗan layinmu ya ce zai yi tunani. Ku ma ku yi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.