LAFIYA UWAR JIKI: Abin da ya bambanta sabuwar allurar sanƙarau da ta da

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, hankalin iyaye ba ya kwanciya sai ruwan farko ya sauka, domin lokacin sanƙarau ke nan. A annobar shekarun 1996 da 1997 kaɗai cutar ta halaka kimanin mutum 25.000 a ƙasashen Afirka. Akwai allurar rigakafi a lokacin, sai dai ƙarfinta bai cika wuce shekara uku ba, kuma ba ta kama jarirai sosai. Dalilin haka yana cikin jikin mutum.

Akwai wata ƙwayar tsaro da masana ke kira makarofaj, wato mai yawan ci. Idan ta haɗiye ƙwayar cuta, sai ta daddatsa furotin ɗinta, ta ɗora guntayen bisa wani furotin da ke fatarta mai suna MHC-II, tamkar yadda mai talla ke jera kaya bisa tire. Ƙwayar T mataimakiya takan zo ta duba, ta dafa tiren da nata furotin CD4. In guntun ya dace da ita, magana ta fara. Amma ma'aikaci ya sani, takarda mai sa hannu ba hatimi ba ta wucewa. Hatimin a nan shi ne furotin B7 na makarofaj, wanda dole ya haɗu da CD28 na ƙwayar T. In babu shi, ƙwayar T takan yi shiru, kuma alheri ne, don kada ta far wa jikin mai ita. In an samu duka biyu, sai ta hayayyafa, ta ba ƙwayoyin B umurnin haɗa makamai, jiki kuma ya riƙe kamannin maƙiyi shekaru da yawa.

Tsohuwar allura sukarin ɓawon ƙwayar sanƙarau ce zalla, tiren MHC-II kuwa ba ya ɗaukar irin wannan sukari. Dabarar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Nijar a 2010 ga masu shekara 1 zuwa 29, ita ce an ɗaure sukarin da furotin na rigakafin tetanos, aka samu abin ɗorawa bisa tire. Sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa.

Nau'in C ne ya auka wa Nijar a 2015, musamman Yamai, kuma waccan allura ba ta tsare shi. A 2024 Najeriya ta fara amfani da Men5CV, wadda aka haɗa bisa wannan dabara, tana kuma tsare nau'i biyar: A, C, W, Y da X.