Mai jego ta ce "lafiya lau", shi ke nan an gama bincike?



Watan da ya wuce ƙanwata ta haihu, ɗan fari, tana wankan jego a gidanmu. Kwana goma sha biyu da haihuwa sai ga wani saurayi da tablet a hannu, ya ce anket suke yi kan yadda ake karɓar mata a matanite. Yaro mai ladabi, ba ni da abin cewa a kansa. Tambayoyin a rubuce suke da Faransanci, shi kuma yana juya su Hausa nan take, yadda Allah ya hore masa. Na leƙa, na ga an rubuta "satisfaite". Sai ya ce mata: "An yi miki da kyau can likita?" Innarmu da gwaggo na zaune. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce: "Lafiya lau, Alhamdulillahi." Ya danna, ya wuce ta gaba.

Da dare, muna mu biyu, ta ba ni labari. An ɗaka mata duka a cinya don ta yi ƙara. An ce mata ranar da ta ɗauko cikin ai ba ta kira kowa ba. An yi mata ɗinki ba wanda ya gaya mata abin da za a yi. Ƙofa a buɗe, mutane na wucewa. Amma a cikin tablet ɗin can, ƙanwata tana layin waɗanda suka gamsu.

To, ƙarya ta yi masa? Wallahi a'a. Ta sauka lafiya, tana raye, ɗanta na raye. A wurinmu ma'anar "lafiya lau" ke nan. Wadda aka tarbiyyantar da dauriya, aka koya mata cewa kuka wurin naƙuda abin kunya ne, kuma ba ta ko faɗin sunan ɗan farinta, ita ce za ta kai ƙara gaban baƙon namiji, uwarta na ji? Laifin na tambayar ne.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da sanarwa kan wulaƙanci da cin mutuncin mata wurin haihuwa a asibitoci. A 2019 mujallar The Lancet ta buga binciken da hukumar ta jagoranta a Ghana, Gine, Myanmar da Najeriya: fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da duka, zagi, tsawa ko wariya, kuma ƙananan mata abin ya fi faɗa wa. A nan gida, littafin Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan na 2003, Une médecine inhospitalière, ya yi bayanin yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai.

Don a auna irin wannan abu ne masana suka tsara jerin tambayoyi na musamman. Akwai na Suwidin da ya fito a 2010, mai tambaya 22. Akwai wanda Dokta Patience Afulani, ƴar Ghana, ta tsara da abokan aikinta a Kenya a 2017, mai tambaya 30, daga baya aka gwada shi a Indiya da Ghana. Shi wannan ba ya tsayawa ga "kin gamsu?". Yana tambaya ɗaya bayan ɗaya: ko ma'aikatan sun gabatar da kansu, ko sun kira ki da sunanki, ko an nemi izininki kafin a taɓa ki, ko an suturta ki, ko an yi miki tsawa ko duka. Irin wannan tambaya ita ke buɗe bakin mace, don abin da ya faru ake tambaya, ba a ce ta yanke wa kowa hukunci ba.

Sai dai tambaya mai kyau da Turanci ko Faransanci ba ta zama mai kyau da Hausa don kawai wani ya ji harsunan biyu. Ni aikina ke nan kullum: a miƙo mini sanarwa da Faransanci minti biyar kafin labarai, in juya ta. Na san inda ake tuntuɓe. Ɗauki "respect". Ladabi ne, girmamawa, ko kiyaye mutunci? In ka ce wa yarinya mai shekara 17 "sajfam ta yi miki ladabi?", dariya za ta yi, don ladabi daga ƙarami yake tafiya zuwa babba. Ɗauki "intimité": sirri ne ko sutura? Ɗauki "consentement": in ka ce "kin yarda?", za ta ce e, tunda ba ta ƙi ba, alhali ba wanda ya tambaye ta. Ko ɗauko fassarar Kano ba ya raba gardama. Can "likita" mutum ne, nan sau da yawa wurin muke nufi. In anketa goma suka fita, kowa da fassararsa a baka, tambaya goma aka yi, sannan a tara amsoshin a ce ɗaya ce.

Masu wannan ilimi suna da hanyarsu, kuma ba asiri ba ce. Mutum biyu su fassara, kowa shi kaɗai. A haɗa, a daidaita. Wani na uku da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da Hausar zuwa harshen farko, a ga abin da ya zube a hanya. Sajfam, lokotoro da masu harshe su zauna su duba. Sannan mataki mafi girma: a zauna da masu jego kaɗan, a karanta musu, a ce "me kika ji ana tambayarki? Faɗa mini da bakinki." Bayan an gyara, a gwada da mata masu yawa, a koma wa wasunsu bayan ƴan makonni a ga ko amsar na nan. Sai an yi wannan ake cewa ma'aunin ya inganta. Ƴan kasuwar hatsi sun san zancen: tiyar da gindinta ya lotsa, ko sau dubu ka auna da ita, ƙaryar ɗaya ce.

Na san za a ce wannan aiki na cin kuɗi da lokaci, ga ƙasa mai bukatu. Gaskiya ne. Amma kuɗin motoci, mai da perdiyem na anket da ta dawo da amsar banza fa, wa ya ci riba? Gwamnati ta sa tiyatar haihuwa kyauta tun 2005 don mata su zo likita. In mace ta zo sau ɗaya aka ci mutuncinta, ciki na biyu a ɗaka za ta haihu, kuma za ta gaya wa maƙwabta dalili. Mu kuma rahoto na gaya mana kowa ta gamsu.

Za a kuma ce ana neman tozarta sajfam. Ina da ƙawaye cikinsu. Na san wadda ke kwana ita kaɗai da mata biyar kan gwiwa, wuta ta ɗauke, tana haskawa da fitilar salula. Ma'auni na ƙwarai ita ma yana kare ta, don yana rarrabe abin da ke halin mutum da abin da ke rashin labule, rashin ruwa da ƙarancin ma'aikata.

Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To a gani a aikace. Ma'aikatar lafiya, INS da ƙungiyoyin da ke biyan anket su daina tura yara da Faransanci a tablet. A rubuta fassara ɗaya da aka gwada, a naɗe ta da murya don kowa ya faɗe ta iri ɗaya, a gwada ta a Gobir, Adar da Damagaram. A yi wa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci haka. Mace ta tambayi mace, a keɓe, ba cikin likita ba, ba gaban iyaye ba.

Ƙanwata ta ce in Allah ya kawo na biyu ba ta komawa can. Ina nan ina lallashinta, don na san haɗarin haihuwar gida. Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, ku gaya mini: da wace kalma za a tambaye ku har ku faɗi gaskiya?

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu. Sai mun haɗu a fili na gaba.