Baƙo Mai Jari Da Mai Masaukinsa

'Yan'uwa 'yan kasuwa, fatake da dillalai, na Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da Kara, da na Achida da Illela da sauran kasuwannin ƙasar Sakkwato. 

Akwai magana da ta daɗe tana yawo cikin rumfuna, wato maganar baƙin 'yan kasuwa na ƙasashen nesa da ke shigowa da kuɗi suna sayen riɗi da zoɓo da ƙaro da fata, da kuma takardar da gwamnati ke ba su wadda ake ce ma bizar mai zuba jari. Wasu na cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya. Wasu na cewa duk wanda ya zo da dala a shimfiɗa mishi tabarma. Mu dai masu awon hatsi ra'ayinmu shi ne a buɗe ƙofa, amma a san wanda ya shigo, a san abin da ya zo yi, kuma a samu wanda zai amsa sunansa in magana ta taso.

Bari mu fara da ita takardar, don da yawa na jin sunanta ba su san abin da ke ciki ba. A watan Fabrairu na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon tsarin biza na ƙasa, anka kasa ta kashi 79. Cikinsu anka ware na masu zuba jari hawa hawa, gwargwadon nauyin aljihun mutum. A wancan tsari na 2020, hawan ƙasa shi ne wanda ya nuna shaidar ya shigo da dala 250,000, wanda a canjin 2025 ya haura naira miliyan 300. Kuma biza ita kaɗai ba ta isa. Sai baƙo ya yi rajistar kamfani, ya karɓi takardar izinin kasuwanci daga Ma'aikatar Cikin Gida, wadda a 2022 ta ce jarin kamfanin da ke da hannun baƙo kada ya gaza naira miliyan 100. Sannan ya nemi izinin adadin ma'aikatan da zai kawo daga ƙasarsu, kowanensu kuma Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama.

To, duk waɗanga takardu abu guda suke tambaya: nawa ka kawo? Ba su tambaya da ƙarfi: mi za ka bari in ka tashi? Nan ne muke ganin gyara.

Ai karɓar baƙon ɗan kasuwa ba yau anka fara shi garin nan ba, kuma kakanninmu suna da tsarinsu. Falke in ya sauka zango, ba ya zarcewa kasuwa da kansa. Gidan fatoma yake sauka. Fatoma shi ka ba shi ɗaki da abinci, shi ajiye mishi kaya, shi nemo mai saye, shi tsaya ga ciniki, shi karɓi la'ada. In baƙo ya ci bashi ya gudu, fatoma ake riƙewa. In an cuci baƙo, fatoma ke kai ƙara madadinsa. Baƙo ya samu kariya, gari ya samu wanda zai tambaya. Da wanga tsari anka yi cinikin goro har Gwanja, anka yi na gishiri da Buzaye, Larabawan Gadamas sunka zauna Kano shekara da shekaru.

Sarakuna ma haka sunka yi. Da Bature Kilafatin ya zo Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello hannun Waziri Giɗaɗo ya sa shi, can ya sauka. A 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, takardar aminci domin 'yan kasuwar Ingila da dukiyarsu. Ke nan bizar ɗan kasuwa ta daɗe ƙasar nan, sunanta ne ya sake. Sai dai akwai darasi na biyu da bai kamata a manta ba. A 1885 wakilin wani kamfanin Ingila, Joseph Thomson, ya zo ya ƙulla takardar ciniki da Sarkin Musulmi Umaru. Kamfanin nan shi ya zama Royal Niger Company, kuma irin takardun nan na cikin hujjojin da Ingila ta riƙe tana cewa ƙasar ga rabonta ce. A 1903 sojan Lugga sunka shigo Sakkwato. Ba muna cewa baƙon yau da bindiga ya zo ba. Abin da muke cewa, takardar da anka sa ma hannu ba a karanta ƙarshenta ba tana iya ɗaure jikoki.

Bayan 'yancin kai gwamnati ta yi ta lilo tsakanin rufewa da buɗewa. A 1972 Janar Gowon ya kafa dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa, anka ware sana'o'i irin su sayar da kaya ɗai ɗai da casar shinkafa da gashin burodi anka ce na 'yan Najeriya ne kaɗai. A 1977 Janar Obasanjo ya ƙara tsaurara ta. Dattawan kasuwa sun san abin da ya biyo baya. Wasu 'yan ƙasa sun samu kantuna da hannun jari na gaskiya. Wasu kuwa aron suna kawai sunka bayar: sunan Alhaji ga allon kanti, makullin akwatin kuɗi ga aljihun baƙo. Sai a 1995, zamanin Janar Abacha, anka soke dokar, anka kafa hukumar jawo masu zuba jari, anka ce baƙo na iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari, ban da 'yan abubuwa kamar makamai da kayan soja da miyagun ƙwayoyi. Daga wannan bango anka koma wancan bango.

Mu a ganinmu baƙo mai jari iri biyu ne, kuma kuskure ne a auna su da mudu guda.

Na farko shi ne mai gini. Ya zo ya kafa inji, ya ɗauki ma'aikata, ya sayi kayan gona ya sarrafa su nan. Ku dubi kamfanin siminti na Kalambaina, wanda anka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967. A 2000 Turawan ƙasar Nowe sunka sayi kaso babba cikinsa, bayan 'yan shekaru sunka sayar sunka tafi, yau yana hannun kamfanin BUA. Sun tafi da ribarsu, amma ba su iya naɗe masana'anta su sa ga jirgi ba. Tana nan, ɗiyanmu na aiki ciki. Irin wanga baƙo muna nemansa ruwa a jallo. Fatar jan akuyar Sakkwato duniya ta san ta tun zamanin da ake bi da ita ta Sahara, har Turawa sunka laƙaba mata sunan fatar Maroko, amma har yau takalmi da jaka masu tsada can wata ƙasa ake ɗinka su da ita. Albasar Goronyo da Wurno da Kware tana ruɓewa cikin rudu kowace shekara don babu ɗakin ajiya na zamani, babu injin busarwa. Wanda duk ya zo da niyyar jima da ɗinki, ko busar da albasa, ko matsar man riɗi, a ba shi biza da hannu biyu, a ba shi fili, kada a riƙe shi ofis ofis.

Na biyu shi ne mai kwasa. Jarinsa sikeli ne da sito na haya da motar ɗaukar kaya. Yana zuwa da kaka, ya bi ƙauye ƙauye da tsabar kuɗi, ya ɗora kaɗan bisa farashin kasuwa har ƙananan 'yan kasuwa su janye don ba su iya ja da shi. In ya rage shi kaɗai ne mai saye, shi ke yanka farashi. Kaya su wuce tashar jirgin ruwa ta Ikko ɗanyu, kaka ta wuce ya rufe sito. Wanga bai kawo wata sana'a da ba mu iya ba. Abin da kakan kowane ɗayanmu ke yi da jaki shi yake yi da dala. Ko zamanin gyaɗa, manyan kamfanonin Turawa ta hannun 'yan ƙasa suke saye, kuma ta nan irin su Alhasan Ɗantata sunka yi ƙarfi.

Gwamnati ta san da wagga matsala. A watan Maris na 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga bakin gona, ta ce sai ta hannun wakilan saye 'yan ƙasa masu lasisi. Magana ta yi daɗi ga kunne. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta ƙauye. Kuma aron suna na 1972 bai mutu ba. Baƙo na zaune masauki cikin birni, yaronsa ɗan ƙasa na bakin gona da kuɗinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma mu mance da manomi, don shi ma yana da bakin magana. Zai ce, wanda ya fi biya shi zan ba, ina ruwana da launin fatarsa? Gaskiyarsa. In ɗan kasuwar gida na son manomi ya tsaya gare shi, sai mudu ya cika, kuɗi su fito kan lokaci, a bar ɗaukar kaya bashi ana ja har bazara. Haka mai saye na waje, in ya buɗe buhun riɗi ya tarar da yashi, gobe da kansa zai tafi gona. Ƙungiyoyin kasuwa su hukunta ɓata-gari da ke wanga aiki, don su ke ba baƙo hujjar tsallake dillali.

Masu cewa a kori kowa kuwa, muna tuna musu cewa mu ma baƙi ne wani wuri. Babu zangon da za ka shiga daga Kumasi zuwa Ankara, daga Yamai zuwa Abijan, ba ka tarar da Bahaushe da tebur ko sito ba. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanenmu da yawa sunka dawo sun bar gidaje da bashi ga mutane. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan korar, zamanin Shugaba Shehu Shagari. A 2013 Gana ta yi doka cewa baƙon da ke son saye da sayarwa sai ya kawo dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki, kasuwa da talla kuma na 'yan Gana ne. Da wannan doka anka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Ankara cikin 2019 da 2020. Duk sandar da munka yanka ma baƙo, mu sani akwai irinta da ke jiran ɗiyanmu can. Shi ya sa muke son dokar da za ta bambanta mai gini da mai kwasa, wadda ko an juya mana ita ba za mu ce an zalunce mu ba.

Sannan a bar haɗa mutumin Ƙonni da Tawa da Maraɗi cikin wanga lissafi. Wanda ya kawo wake da dabbobi Illela ya koma da gero da masara maƙwabci ne, sau da yawa ma ɗan'uwa ne na jini ko na aure. Yarjejeniyar Ekowas ta 1979 ta ba mutanen yankin nan shiga ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, don haka dole shugabanni su zauna su rubuta abin da zai kare ɗan kasuwar iyaka. Mun ga rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, mun sake gani daga 2023 zuwa Maris na 2024, kuma kowa ya san kayan wa sunka lalace bisa mota.

Ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, a ɗaura bizar mai jari ga aikin da ya yi alkawari. In lokacin sabuntawa ya yi, jami'i ya zo da ƙafarsa ya ga inji, ya ƙirga ma'aikata, kada ya tsaya ga takardar banki, don kuɗi na iya kwana banki yau gobe su koma inda sunka fito. Na biyu, a ba gwamnatin jiha da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Sakkwato sunayen baƙin da anka ba izinin aiki jihar nan, da irin sana'ar da anka yarje ma kowane. Na uku, duk baƙo mai sayen kayan gona ya kasance yana da mai masauki sananne, mai rajista ga shugabannin kasuwa, wanda za a riƙe in an ci amanar manomi. Na huɗu, wanda anka kama ya ba da aron suna a karɓe lasisinsa, a sanar cikin kasuwa.

Ku kuma 'yan'uwa, kada a zauna jiran Abuja. Mutum goma in sunka haɗa jari suna iya kama sito da injin tace riɗi, su nemi lasisin fitar da kaya da sunansu. Baƙo in ya zo ya tarar da mu haɗe, abokin ciniki zai nema. In ya tarar da mu warwatse, yara zai ɗauka. Shugabannin sassa su sa wagga magana cikin taronsu na gaba, tun kafin sabon riɗi ya shigo.

Allah shi ba mu ciniki mai albarka, shi tsare mu da asara. Wassalam.