Jinyar Talaka: Baitulmali ko Kasuwa?

Ga wata mas'ala da ake jayayya a kanta a zaure da rumfa: shin hukuma ce za ta ɗauki nauyin jinyar jama'a daga baitulmali, ko kuwa a bar magani ya zama haja, mai hali ya saya?

Masu goyon bayan kasuwa suna da hujja. Ciniki halal ne, gasa kuwa takan gyara kaya. Ingila ta kafa jinyar kyauta ran 5 ga Yuli 1948, amma a 1952 sai da aka ɗora sule guda a kan takardar magani, a 2023 kuwa sunayen da ke layin jiran asibiti suka haura miliyan 7. Nijar ta yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin asibiti a 2006, sai hukuma ta yi ta jinkirin biyan asibitoci, har magani ya yanke a wurare da dama.

To, amma sharaɗin ciniki yarda ce. Mai sayen turmin atamfa, in an tsawwala masa, sai ya wuce rumfar gaba. Wanda matarsa ke naƙuda tsakar dare ba shi da damar tayi, abin da aka yanka masa shi zai biya, ko da gona za ta tafi. Amurka, uwar kasuwar magani, ita kanta a 1965 ta ɗauki nauyin tsofaffi da matalauta. Ta fi Ingila kashe kuɗin jinya a kan kowane mutum, amma a ƙididdiga mutanen Ingila sun fi tsawon rai.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan al'amari. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya yi masa wakafi, ana jinyar mai shi da marar shi ba a karɓar ko anini.

Abin da ya wahalar da Ingila da Nijar shi ne alkawari ya fi ƙarfin jaka. Saboda haka maslaha ita ce hukuma ta ɗauki abin da za ta iya cikawa: haihuwa, da ciwon yara, da cuta mai karya gida. A ware kuɗinsu tun farkon shekara, a riƙa bayyana lissafi. Asibitin kuɗi a bar shi ga mai so. Attajirai su rayar da wakafi, malamai su yi ta tunatarwa cewa dukiyar majiyyata amana ce. Allah ne mafi sani.