Da Mudun Wa Ake Auna 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya ratsa kwalejin horon malamai a ƙasar nan ya haddace matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro waɗanda Jean Piaget ya tsara. Ana karantar da su tamkar saukakkiyar doka, ba a kuwa cika gaya wa ɗalibi cewa bayanin malamin game da jarirai ya ginu ne a kan 'ya'yan cikinsa uku ba, sauran gwaje-gwajensa kuma akasari a kan yaran birnin Janiba. To, mu dai muna da ja.

Ba mu musanta cewa ɗan Adam ɗaya ne ba. Hasali ma, da Price-Williams ya gwada yaran Tibi da ƙasa da ƙwayoyin da suka saba gani, rahotonsa na 1961 ya nuna sun gane cewa sauya mazubi ba ya sauya yawan abu, a kusan shekarun da yaran Turai kan gane haka. Takaddamarmu a kan mudun awo take.

A 1976 Charles Super ya bayyana cewa jariran Kipsigis na Kenya kan riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda, domin iyaye mata na koya musu da gangan. A 1969 an tarar 'ya'yan maginan tukwane a Meziko sun riga tsararrakinsu gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa don an miƙar da shi. Ashe ke nan sana'a da reno suna da hannu a jadawalin. Duk da haka, a 2008 Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka yi nazari a kansu Amurkawa ne, alhali ba su kai kashi 5 na mutanen duniya ba.

Illar wannan a ajinmu take sauka. Yaron da aka hore shi da sunkuyar da kai gaban babba, sai malami ya rubuta cewa ba shi da ƙwarin gwiwa. Uwar da ke kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, sai a ce ba ta ƙaunarsa, a manta da kaka da goggo da yayar da ke goya shi. Yarinyar da ke ba da canji a wurin talla ba kuskure, sai a kira ta daƙiƙiya don ta kasa lissafi cikin harshen da ba ta ji.

Ba cewa muke a ƙone littattafan nan ba. Ita kanta Mary Ainsworth a ƙauyukan Uganda ta fara nazarin shaƙuwar uwa da jariri a 1954, kafin ta tafi Amurka. Abin da muke nema shi ne malamanmu su shiga zaure da tsakar gida su gwada kowane ra'i cikin harshen yaro da kayan wasansa. Wanda ya tsaya mu riƙe, wanda ya faɗi mu faɗa wa ɗalibai ya faɗi. Kafin nan, kada a sake yanke wa ɗan kowa hukunci da mudun aro.