Na'urar janyo ɗumi daga iska: tana iya ɗarin Turai, amma a Guci wuta ce matsalar

Hunturu ya kama. Daga Disamba zuwa Janairu, a Guci da Dungas da Magarya, da dare sai ka ga kaskon gawayi a cikin ɗaki. Su kuma ƴan uwanmu da ke Faransa da Beljiyam da Ingila, hirarsu a kan wata na'ura ce da Faransawa ke kira pompe à chaleur, wadda ake ta sawa a gidaje tun da kuɗin gas ya hau bayan yaƙin Rasha da Yukiren na 2022. A Ingila gwamnati har tallafin fam 7,500 take ba mai son sa ta. Tambayar ita ce: in sanyi ya tsananta, tana aiki kuwa?

Aikinta irin na firiji ne, amma a juye. Firiji na kwashe zafi daga cikinsa ya zubar waje, ita kuwa tana tsinto ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ta tura shi ɗaki. Shi ya sa in sanyin bai yi yawa ba, awo ɗaya na wuta kan ba da awo 3 zuwa 4 na ɗumi, alhali rishon lantarki awo ɗaya ya ci, awo ɗaya zai bayar.

In ruwa ya fara daskarewa, ƙarfinta na raguwa, ribar ta sauko wajen awo 2 zuwa 3. Ƙanƙara kan taru a jikin injin da ke waje, sai ta dakata ta narkar da ita. Duk da haka tana gaban risho. Ga shaida: a Norwe, ƙasar dusar ƙanƙara, kusan gida 6 cikin 10 na da irin wannan na'ura. To ɗan uwa da ke can, kada tsoron sanyi ya hana ka. Abin dubawa shi ne ko gidan na riƙe ɗumi, don in iska na shiga ta tagogi, kuɗin wuta ne zai tashi.

A nan gida fa? Ɗarinmu da wuya ya kai ga daskarar da ruwa, kuma iskar busasshiya ce, don haka na'urar ba za ta sha wahala ba. Wasu na'urorin sanyaya ɗaki ma suna da maɓallin juyawa su ba da ɗumi. Amma ƙurar hunturu na toshe matatarta, dole a riƙa wankewa. Babbar magana kuwa ita ce wuta. Ƙauyuka da yawa layin NIGELEC bai kai ba, inda ya kai ma mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Sola da rana take aiki, ɗari kuwa da asuba yake cizo, ke nan sai an haɗa da batura masu tsada.

Saboda haka mai niyyar aiko wa tsohuwa da wannan na'ura, ya fara tambaya ko akwai tsayayyar wuta. In babu, barguna da rigunan sanyin yara da gyaran ƙofa sun fi amfani. Mu kuma na gida, mu kiyaye: gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri, a fito da shi sarari, a garzaya likita. Allah ya fid da mu hunturu lafiya.