Sana'ar da Ke Tsayawa a Bakin Ƙofar Gidan Yari

Tun 1915 gidan yarin da ke titin Independence a Kaduna yake tsaye. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da irinsa gidajen gyaran hali, kuma ba suna kaɗai ta taɓa ba. Ta wajabta a ba ɗaurarru ilimi da sana'a, ta ce a ware wa masu aiki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aikinsu ya kawo, ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali da ta hana a ƙyamaci mai ita don ya taɓa zaman kaso. A gidaje irin wannan ana koyar da kafinta da ɗinki, jami'ar NOUN kuma tana karantar da fursunoni kyauta. Duk wannan abin yabo ne.

To amma wa yake amfana? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, alhali ɗakin koyon sana'a na waɗanda aka yanke wa hukunci ne tukuna. Yaron da aka kamo a Kawo ko Tudun Wada bisa zargin ƙwacen waya yana iya shafe shekaru ana ɗage shari'arsa. Ba guduma a hannunsa, ba littafi, sai hira da waɗanda suka fi shi sanin hanyar ɓarna. Ranar da aka sallame shi, abin da ya koya ke nan.

Wanda ya samu horon ma, wahalarsa a bakin ƙofa take farawa. Ya fito da hannun ɗinki, ba keke, ba jari, ba kuɗin hayar shago. A ce ya nufi Panteka, inda masu walda da maƙera ke yaye ɗimbin yara. Maigidan zai ɗaga tabaran walda, ya dube shi sama da ƙasa, ya yi tambayar da ake yi wa kowa: "Ɗan gidan wa ne kai? Wa zai tsaya maka?" Ban ga laifinsa ba, kayan aikinsa ne dukiyarsa. Sai dai wannan yaro ba shi da amsa, domin kawun da ya kamata ya rako shi ya riga ya ce ba ruwansa. A unguwa, da an nemi waya an rasa, shi ake fara kallo. Aikin gwamnati kuwa, tun a fom ake tambayar ko an taɓa ɗaure mutum. Masaƙun Kakuri da suka riƙa kwashe dubban ma'aikata sun daɗe da rufewa, masu digiri ma suna yawo da takardu. Majalisar da za ta karɓe shi ba tambaya ita ce ta 'yan sara-suka da masu sayar da ƙwaya, kuma a buɗe take dare da rana.

Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ke da hurumi a harkar gidajen gyaran hali, don haka gwamnatin Kaduna ba ta da uzurin cewa aikin Abuja ne. Kamata ya yi ta zama mai tsaya wa waɗannan yara a gaban shugabannin Panteka, ta ɗauki nauyin abin da ya salwanta, ta biya kuɗin koyo da na mota na shekarar farko. Masu jiran shari'a kuma a buɗe musu aji tun makon da aka kai su.